Maigidana yana ɗauke numfashi cikin barci, in saya masa robar riƙe harshe?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara a kan maigidana. Shekarunsa 53, mun daɗe tare, kuma tun farko yana ɗan minshari, amma 'yan shekarun nan da ya ƙara jiki abin ya wuce misali. Ba ƙarar ce ma ta fi damuna ba. Yana cikin minsharin sai ya yi tsit, numfashin ya tsaya, in zuba masa ido gabana yana faɗuwa, can sai ya zabura ya ja iska da ƙarfi ya ci gaba. Wani lokaci sai na taɓa shi. Da safe in na gaya masa sai ya ce shi lafiya lau ya yi barcinsa, ni ce mai neman magana. Alhali da rana ko zama ya yi sai gyangyaɗi, da dare yana yawan tashi fitsari, ga maganin hawan jini yana sha amma jinin ya ƙi sauka yadda ake so. Kwanan baya da bakinsa ya ce min barci ya ɗan fizge shi yana tuƙi. To na ga ana tallar wata 'yar roba a intanet wadda ake sawa a baki ta riƙe harshe, wai tana hana minshari. Na ji akwai wata mai kama haƙora, amma shi turamensa na ƙasa da yawa sun fita, haƙoran roba yake sawa. Shin wannan ta harshen tana aiki? Ba za ta shige masa maƙogwaro yana barci ba? Kuma ta yaya zan ba shi ba tare da ya ga na raina shi ba? Ni ma na gaji. Wasu dararen sai in koma wani ɗaki, in kuma kwana ina jin na yi laifi.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa, ya ba maigida lafiya. Robar da kika gani ba ƙarya ba ce. Likitocin barci sun san ta fiye da shekara 40, tana taimakon wasu mutane, kuma mai irin bakin maigidanki, wanda turamensa suka zube, yana cikin waɗanda aka fi tunawa da ita dominsu. Amma kada ki saya tukuna. Abin da kika bayyana ya wuce minshari, kuma tsorona shi ne ki kawo abin da zai kashe ƙarar ya bar ciwon yana ci a ɓoye.

Ki fara sanin abin da ke faruwa a wuyansa, don daga nan duk sauran maganar za ta fito. Harshen da muke gani in mun buɗe baki wani sashe ne kawai. Gindinsa ya gangara can baya, shi ne bangon gaba na hanyar da iska ke bi ta sauka huhu. Akwai wata tsoka da ta taso daga cikin ƙashin haɓa ta bazu a cikin harshe, aikinta ta riƙa jan shi gaba. Muddin mutum na farke, tsokar nan a ɗame take. Da barci ya yi nauyi sai ta saki, kamar yadda duk jiki ke saki. To wannan wuri na bayan harshe ba shi da ƙashi ko guringuntsin da zai tokare shi, nama ne zalla. Ki ɗauke shi kamar tiyon roba mai laushi: in aka zuƙi iska ta cikinsa da ƙarfi, sai bangayensa su manne. Idan hanyar ta matse amma iska na ɗan wucewa, naman sai ya yi ta kaɗawa, wannan ne minshari. Idan ta rufe ruf, shi ne shirun nan da ke faɗar miki da gaba. Ƙirji na ta ƙoƙarin ja, iska ba ta shiga.

Ƙiba tana ƙara tsananta abin, domin kitse ba a ciki da wuya kaɗai yake taruwa ba, har cikin harshen kansa yake shiga ya ƙara masa kauri. Shi ya sa kika ga abin ya ƙaru da ya ƙara jiki. Kwanciyar rigingine ma tana ƙarawa, don nauyin harshen baya yake faɗawa.

Likitoci suna ƙirga tsayawar numfashi ne idan ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, sai su duba sau nawa take faruwa a cikin awa ɗaya ta barci, haɗe da lokutan da numfashin ya ragu sosai bai tsaya gaba ɗaya ba. Ƙasa da sau 5 a awa ba a ɗauke shi ciwo ba. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ki yi lissafi: mai sau 30 a awa, in ya yi barcin awa 7, numfashinsa ya sarƙe fiye da sau 200 a dare ɗaya. A kowane karo iskar oksijin da ke jininsa tana sauka, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na 'yan daƙiƙu don tsokar ta sake ɗamewa, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau, sannan ya koma barci. Wannan farkawar gajeriya ce ƙwarai, ba ta zama a tunani. Saboda haka in maigida ya ce miki shi barcinsa ya yi lafiya, ba musu yake yi don taurin kai ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Gaskiyar abin da ya sani ke nan. Ke ce kika ga daren, shi bai gani ba. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani in kin zo yi masa magana.

Amma jiki magayi. Gyangyaɗin rana daga nan yake. Yawan tashi fitsarin ma yana iya zama daga nan, domin in ƙirji na ja da ƙarfi alhali hanya a rufe, zuciya tana miƙewa ta saki wani sinadari mai sa ƙoda ta tara fitsari. Maza da yawa a shekarunsa sukan ɗora wa mafitsara ko ciwon suga laifin, su manta da maƙogwaro. Hawan jinin da ke ƙin jin magani kuwa, yana cikin manyan alamomin da ke sa likita ya tambayi yadda mutum yake barci. An kuma tabbatar da alaƙar wannan ciwo, in an bar shi, da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga, da haɗarin mota. Kuma ba baƙon ciwo ba ne: wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna manya kimanin miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da shi, mafi yawansu ba su sani ba.

Akwai wasu tambayoyi takwas da likitoci a birnin Toronto na Kanada suka tsara a 2008 don gane wanda ya kamata a tura gwaji. Ana tambaya: yana minshari mai ƙarfi, yana fama da gajiya ko barcin rana, an taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, yana da hawan jini, yana da ƙiba sosai, ya haura shekara 50, kaurin wuyansa ya kai santimita 40, namiji ne. Wanda ya amsa e a guda biyar ko fiye, ana sa shi cikin masu babban haɗari. Daga wasiƙarki kaɗai na ƙirga wa maigida shida, ban ma san nauyinsa ko wuyansa ba. Wannan ba hukunci ba ne, gwaji ne kawai zai yanke. Amma ya ishe ni in ce miki mutumin nan likita yake buƙata kafin roba.

Yanzu ita robar. A 1982 ne wasu masana biyu a Shikago ta Amurka, Rosalind Cartwright da Charles Samelson, suka buga sakamakon gwajinta a mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar, kuma tana cikin na'urorin baki na farko da aka gwada a kan wannan ciwo. Dabararta mai sauƙi ce. Wani ɗan ƙoƙo ne na silikon mai laushi, wanda kan harshe zai shiga. Mutum ya matsa shi iskar ciki ta fita, ya zura kan harshensa, ya saki, sai ƙoƙon ya tsotse harshen ya riƙe. Tana da 'yan kunnuwa da ke tokare da leɓɓa ta waje, wasu kuma tsakanin leɓe da haƙora suke zama, don kada harshen ya ja ta ciki. Tunda kan harshen na riƙe a gaba, gindinsa ba ya samun faɗawa baya ko da tsokar ta saki. Ba waya, ba wuta, ba ƙara.

Ɗayar da kika ji labari, mai kama haƙora, ita ce aka fi amfani da ita a yau. Tana hawa kan haƙoran sama da na ƙasa ta tura muƙamuƙin ƙasa gaba da 'yan milimita, harshe kuma ya bi shi tunda a jikinsa yake. Duk ƙarfin turawar a kan haƙora yake sauka, shi ya sa likitocin haƙori kan so mutum ya kasance yana da ƙwararan haƙora kamar takwas zuwa goma a kowane muƙamuƙi, da dasashi mai lafiya. Wanda haƙoransa suka zube, ko suke girgiɗi, ko yake da ciwon gaɓar muƙamuƙi, ba ta cika dacewa da shi ba. Ko ga mai cikakkun haƙora, in aka shekara ana sa ta takan ɗan gusar da haƙoran ta canja yadda suke haɗuwa. A nan ne ta harshe take da fifiko, domin ita ba ruwanta da haƙori. Sai dai kada ku yanke wa kanku cewa haƙoran maigida ba su isa ba. Likitan haƙori ne zai duba sauran da suka rage ya faɗa.

Dalilin da ya sa nake so a duba ɗin shi ne, ta harshe tana da wuyar sabo. A wani bincike da aka yi a Ostareliya aka buga a 2009, an ba wasu mutane, waɗanda ba su kai 30 ba, na'urorin biyu, kowannensu ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. A gwajin barci duka biyun sun rage tsayawar numfashi, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma da aka tambaye su wacce za su ci gaba da ita, kusan tara cikin goma suka zaɓi ta muƙamuƙi, kuma ita suka fi jure wa kwana da ita. Masu talla ba za su gaya miki wannan ba. Hoton mai barci cikin murmushi za su nuna miki, ba za su nuna matashin da ya jiƙe da yawu ba.

Game da tsoronki na ta shige masa maƙogwaro, ki kwantar da hankali. An yi ta da faɗin da ba za ta wuce ba, ga kunnuwan da ke tokare ta a waje. Abin da ya saba faruwa kishiyar haka ne: riƙon ya saki cikin dare ta faɗo kan matashi, a wayi gari ana nemanta cikin zanin gado. Abin lura kawai shi ne ingancin robar. Wadda aka yi da roba mara kyau takan tsage ko ta yi tauri, kuma abin da zai kwana a bakin mutum kowane dare bai kamata a saye shi ba tare da an san wa ya ƙera shi ba, ko wace hukumar lafiya ta amince da shi. Ni ƙananan haƙoran robar da yake sawa sun fi ba ni tunani. Ki tambayi likitan haƙorinsa ko ya kamata ya riƙa cire su in zai kwanta, domin galibi haka ake ba da shawara ko da babu wata na'ura.

Matsalolinta na gaskiya su ne dalalar yawu, musamman makonnin farko, da ciwo ko tsami a kan harshe da safe, da wahalar haɗiyar yawu, wasu kuma bakinsu ya bushe. Sai babban sharaɗinta, wato hanci. Mafi yawansu suna toshe hanyar numfashi ta baki, don haka wanda hancinsa ke toshewa da dare, saboda mura mai naci, ko ƙura da ke tayar masa da atishawa, ko karkacewar ƙashin hanci, ko tsiro a ciki, ba zai iya kwana da ita ba, cikin barci zai fizge ta ya yar. Gwajin wannan ba wuya: ya kwanta, ya rufe baki, ya yi numfashi ta hanci kawai na 'yan mintoci. In ya ji yana neman buɗe baki, to likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai fara gani. Haka wanda zaren ƙarƙashin harshensa gajere ne har ba ya iya fito da harshen ya wuce leɓe, robar za ta riƙa gurzar wurin. Mai gyambo ko ƙuraje a baki ya bari sai ya warke. Ba a sa wa yara, kuma mai tsananin ciwon huhu ba ya sa ta sai da izinin likitansa.

Akwai kuma wani nau'in ɗaukewar numfashi da ba daga toshewa yake ba. Hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce take jinkirin ba da umarnin numfashi. Akan gan shi ga masu raunin zuciya, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki, da masu shan magungunan kashe ciwo masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin. A irin wannan, ko an jawo harshe har haɓa babu abin da zai canja. Ke da kike kallo daga gefen gado ba za ki iya bambance su ba. Gwaji ne ke bambancewa.

Ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da na ce ki dakata. A ce kin saya, ya sa, minsharin ya ragu. Za ki yi murna, ki samu barci, ki daina zuba masa ido. To amma ragin ƙara da buɗewar hanya ba lallai su tafi tare ba. Ana iya samun mutum ya daina minshari mai ƙarfi, amma oksijin ɗinsa na ci gaba da sauka sau da yawa a awa. A yanzu ke kaɗai ce shaidar da ciwon nan yake da ita. In robar ta rufe miki kunne ba ta buɗe masa maƙogwaro yadda ya kamata ba, to ya rasa mai lura da shi, zuciyarsa kuma tana ci gaba da shan wahala kowane dare, ku duka biyu kuna zaton an warke. Shi ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka da takwararta ta likitocin haƙori, a ƙa'idojin da suka fitar tare a 2015, suka ce likita ne zai tantance ciwon tukuna, ƙwararren likitan haƙori ya kula da na'urar baki, sannan a sake gwajin barci mutum yana sanye da ita don a tabbatar tana aiki. Gwaji biyu ke nan, kafin da bayan. Na biyun mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne mai nuna gaskiya.

Gwajin ba abin tsoro ba ne, ba allura ba yanka. Akwai wanda ake kwana a asibiti a manna wa mutum wayoyi a kai da ƙirji a auna barcinsa. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya tafi da ita gida: siririn bututu a hanci, ɗamara a ƙirji, da ɗan maƙali a yatsa mai auna oksijin. Idan babu cibiyar barci kusa da ku, ku tambayi likitan da ke duba hawan jininsa abin da zai yiwu, ko da auna oksijin na dare ɗaya ne. Bai kai cikakken gwaji ba, amma ya fi tafiya a makance nesa ba kusa ba.

In sakamako ya nuna mai tsanani ne, abin da likita zai fara kawowa shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan na Jami'ar Sidni ya fito da ita a 1981. Tana hura iska a hankali ta tiyo da takunkumin hanci, matsin iskar ya riƙe hanyar a buɗe. Babu na'urar bakin da ta kai ta rage tsayawar numfashi, kuma ga direban da barci ya taɓa fizga, ita zan so ya fara gwadawa da gaske, a canja masa takunkumi in bai dace ba, a daidaita ƙarfin iskar, kafin ya ce ba zai iya ba. Gaskiya ne mutane da yawa sukan kasa jure ta, kuma tana buƙatar wutar lantarki duk dare. Ga wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kasa, ko wanda nasa mai sauƙi ne ko matsakaici, ko mai minshari zalla, na'urar baki hanya ce da likitoci suka amince da ita. Na'urar da mutum zai kwana da ita har safe ta fi wadda ke ajiye cikin akwati amfani, ko da ta akwatin ta fi ƙarfi. In an kai nan, kuma likitan haƙori ya ce turamen ba za su ɗauki ta muƙamuƙi ba, to lokacin robar harshe ya yi, kuma zan ce ku gwada ta da zuciya ɗaya.

In an kai ga haka, kada ya fara da cikakken dare. Ya riƙa sa ta da rana ko da yamma yana zaune, minti 15 zuwa rabin awa, na wasu kwanaki, har ya koyi haɗiyar yawu da ita. Kuskuren da aka fi yi shi ne matse ƙoƙon da ƙarfi don kada ya faɗi, sai a tashi da harshe a kumbure yana zafi. Riƙon da ya isa shi ne mafi ƙanƙantan da zai hana ta zamewa, kuma kan harshe kaɗai ake zurawa, ba a cusa shi har ƙarshe. Wajen cirewa ma a matsa ta tukuna iska ta shiga, kada a fizge. A shimfiɗa tawul a kan matashi a makonnin farko. Da safe a wanke ta yadda takardarta ta ce, a bar ta ta bushe sarai kafin a rufe, a riƙa duba ko ta tsage. Sabo yakan ɗauki makonni. Amma in harshen ya yi rauni, ko ya mutu bai dawo daidai ba bayan an cire, ko launinsa ya canja, a ajiye ta a koma wa likita.

Kafin duk wannan, akwai abin da za ku fara tun daren yau. Ya riƙa kwanciya ta gefe. Ga mutane da yawa tsayawar numfashin tana ninkawa in suna rigingine, kuma dogon matashi a bayansa, ko ƙaramar ƙwallo da aka ɗinke a bayan rigar barci, yakan hana shi juyawa. Ɗaga kan gado kaɗan ma yana taimakawa. Ya guji maganin sa barci da maganin tari mai sa maye sai in likita ya san halinsa ya rubuta, domin suna ƙara sakin tsokar, su kuma sa ƙwaƙwalwa ta yi nawar tashinsa. Barasa haka take yi, sigari kuma yana kumbura hanyar iska. Sai nauyin jiki. Wani dogon bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a shekarar 2000, ya gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyi yana tafiya da ƙarin kimanin kashi 32 na tsayawar numfashi, ragin kashi 10 kuma da ragin kimanin kashi 26. Ga mai kilo 90, maganar kilo 9 ake yi. Ba zai yiwu a wata ɗaya ba, kuma ba dalilin jinkirta gwaji ba ne, amma shi ne abin da ke taɓa tushen ciwon ga masu ƙiba.

Yadda za ki tunkare shi kuwa, kada ki sayi komai a ɓoye ki ajiye masa a kan gado. Magidanci mai shekara 53 da aka miƙa masa abin da zai kwana harshe a waje, ba a shawarce shi ba, zai ji an mayar da shi abin dariya, kuma in ya ƙi sau ɗaya zai yi wuya ya dawo. Ki kuma daina ɗauko maganar da sassafe kina cikin haushin rashin barci, domin a lokacin ƙorafi kawai zai ji. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ku biyu kaɗai, ba gaban yara ba. Ki ajiye zancen ƙara gefe, ki gaya masa abin da kika gaya min: cewa numfashinsa yana tsayawa, kina ƙirgawa, kina jin tsoro. Ki nemi izininsa ki ɗauki muryarsa a waya na 'yan mintoci cikin dare, ki yi masa alkawarin ba wanda zai ji sai shi da likita, ki kuma cika alkawarin. Mutane da yawa ba minsharinsu ke girgiza su ba in sun saurara, shirun da ke tsakani ne, da yadda suke zabura suna neman iska. Sannan ki bi ta ƙofar da ya riga ya yarda da ita, wato hawan jinin. Ki ce masa kin karanta cewa irin wannan barcin yana hana jini sauka, ki roƙe shi ku je tare ganin likitansa na gaba. Ki shiga da shi in ya amince, don ke ce za ki iya amsa tambayoyin da shi ba zai iya ba.

Komawarki wani ɗaki wasu dararen ba laifi ba ne 'yar'uwa. Ke ma jiki gare ki, kuma wadda ta yi watanni ba ta samun barci tana gadin numfashin wani, ita ma lafiyarta tana taɓuwa. Abin da zan ce kawai, kada ki riƙa sulalewa shiru ya farka ya ga ba kya nan, sai ya fassara shi da wani abu dabam. Ki gaya masa tun da rana cewa in abin ya yi yawa za ki je ki ɗan runtsa, kuma ba fushi ba ne.

Abu ɗaya ne ba zai jira gwaji ba, shi ne tuƙi. Wanda barci ya fizga sau ɗaya a kan sitiyari, zai iya sake fizgarsa, kuma irin wannan barcin ba ya sallama, daƙiƙa biyu ko uku sun isa mota ta bar hanya. Buɗe gilashi da ƙara sautin rediyo ba sa hana shi. Har zuwa lokacin da za a duba shi a fara magani, ya bar doguwar tafiya da tuƙin dare da na bayan cin abincin rana, ya ba wani sitiyarin in da hali, kuma da ya ji idonsa ya yi nauyi ya sauka gefe ya tsaya. Wannan labarin na fizgar barci shi ne abu na farko da za ku gaya wa likita in kun shiga, domin shi zai sa a gaggauta gwajin.